Injin da ke Gyara Kansa: Waiwaye daga Bobiel

A Maraɗi ta tsakiyar shekarun 1980, duk yaron da ya ci jarrabawar BEPC aka tura shi lise teknik ta Ɗan Kasawa, dangi sukan ɗauka ya kama bakin zaren abinci. Zai fito da sanin lantarki ko kanikanci, ko kamfanin wuta na NIGELEC ya ɗauke shi, ko ya haura arewa wajen kamfanonin yuraniyom na Arlit, ko SONICHAR mai haƙar gawayin ƙasa kusa da Agadas. Da wannan lissafin na shiga ni ma. Mahaifina ɗan kasuwar gyaɗa ne da farin 1973 ya karya wa jari, ya koma fataucin ƙananan kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya. Burinsa a kaina bai wuce in samu albashin da ba ya jiran damina ba.

A ɗakin aikin hannu na makarantar akwai wata ƙaramar tanda ta lantarki. Mushenmu yakan saita ta a kan wani zafi, ya bari ta kai, sa'an nan ya buɗe murfin iska ta shiga. Allurar ma'auni ta fara sauka, sai a ji ɗan ƙas, wayoyin ciki su yi ja, allurar ta koma mazauninta ba tare da kowa ya sa hannu ba. Ya ce mana tandar tana auna halin da take ciki, ta kwatanta shi da abin da aka umarce ta, ta gyara bambancin, ta sake aunawa. Ya ce akwai fanni sukutum da ba shi da aiki sai wannan, sunansa otomatik, ilmin sa na'ura ta riƙe kanta. Abokaina sun kwafe a littafi saboda jarrabawa. Ni kam abin ya zauna mini a rai, har na daina lissafin Arlit.

Sai da na zo Yamai na ga masu kwale-kwale suna ƙetare kogin Isa na gane zurfin maganar. Matuƙi ba ya miƙa hancin jirgi kai tsaye zuwa mashayar da yake nufi, don ruwa zai kwashe shi. Idonsa na kan nisan da ya kauce yanzu, da yadda kaucewar ta daɗe tana taruwa, da saurin da hancin jirgin ke juyawa. In ya yi gyara da sanyin hannu, ruwa ya tafi da shi. In ya cika ƙarfi, jirgin ya riƙa lilo dama da hagu har ya kife. Irin wannan kallon wani injiniya ɗan asalin Rasha, Nicolas Minorsky, ya yi wa matuƙan manyan jiragen ruwa, ya mayar da shi lissafi a 1922, aka gwada a jirgin yaƙin Amurka. Lissafin, da ake kira PID, har gobe shi ke riƙe da akasarin injunan masana'antu, daga matatar mai zuwa kamfanin siminti. Tun kafin shi James Watt ya sa wa injin tururi na'urar daidaita gudu a 1788, James Clerk Maxwell kuma ya bayyana a 1868 dalilin da ke sa irin wannan na'ura ta rikice maimakon ta daidaita.

Na shiga tsangayar kimiyya ta Jami'ar Yamai a ƙarshen shekarun 1980, can Harobanda, hayin kogi. Lokacin ba a sa mata sunan Abdou Moumouni ba, domin mai sunan yana raye yana koyar da fizik. A Tasawa aka haife shi a 1929. Ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana, daga 1969, ya kuma riƙe jami'ar daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980. Abin da ya ɗaga shi a idonmu shi ne bincikensa ana iya nuna shi da yatsa: tukunyar ɗumama ruwa a kan rufin gidaje, murhun rana, na'urar tace ruwa. Ya rasu a Afrilun 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992.

Shekarun ba su zo da sauƙi ba. Farashin yuraniyom ya faɗi, ƙasa ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, kuma ɗalibai ne suka fara ji a jikinsu. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 suka fito za su ƙetare gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe wuta, uku suka rasu. Sai taron ƙasa na 1991, sai jam'iyyu, sai yajin aiki da shekarun karatu da aka soke. A cikin wannan hargitsi, a 1990, makarantar EMIG da ƙungiyar CEAO ta gina don horar da injiniyoyin yankin ta buɗe ƙofarta. Amma mai son kaiwa digirin dakta a otomatik dole ya fita waje. Wasu suka nufi Aljeriya, Maroko da Tunisiya, wasu Dakar. Daga Maraɗi, Zariya ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsohuwar tsangayar injiniya, amma Ingilishi ya tsorata mu, takardunmu kuma na tsarin Faransa ne. Ni rabona Faransa ya kai ni.

A can fannin yana da manyan gidaje: LAAS a Tuluz, wanda aka kafa a 1968, da na Girenobul, da na Nansi. Labon da ya karɓe ni bai kai su girma ba, amma yana da duk abin da ake bukata. Aikin da aka ba ni a kan motar lantarki ne, irin wadda ke juya famfo da injin niƙa. Don a sarrafa gudunta da kyau sai an san gudun, ma'aunin gudu kuwa yana da tsada da saurin lalacewa. Tambayar ita ce ko za a iya cire ma'aunin, a gano gudun daga kuran ɗin da motar ke sha kawai. Makamin aikin shi ne matatar Kalman, dabarar da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wadda aka yi amfani da ita wajen kai kumbon Apollo duniyar wata. Takan haɗa abin da lissafi ya ce ya kamata ya faru da abin da awo mai hayaniya ya nuna, ta ba kowanne nauyi gwargwadon amincinsa, ta fitar da ƙiyasin da ya fi kowannensu kusa da gaskiya.

Lissafin na koye shi daga littattafai da malamin da ya kula da kundina. Sauran kuwa daga wani dattijon teknisiyan na koya, mutumin da ba shi da digiri ko ɗaya. Shi ke haɗa teburin gwaji, shi ke liƙa waya da dalma, shi ke jin ƙarar mota ya ce maka lissafinka ya kusa ƙona ta. Ɗaliban dakta suna zuwa suna tafiya, shi yana nan, ya san tarihin kowace na'ura. Ga kuma kamfanin da ya biya kuɗin binciken yana jiran sakamako, ga zaman mako-mako inda kowa ke kawo abin da ya gagare shi a yi masa caa. A nan na ga da idona cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma 100. Dare ɗaya ɗan kuɗin da ɗalibi ke aikowa gida ya ninka, kayan labo kuma da ake saye daga waje suka ninka tsada a Yamai. Wannan lissafin ya yanke wa da yawa daga cikin tsarana hukunci. Wanda ya zauna a can hanyarsa a shimfiɗe take: ya samu shaidar cancanta daga sashe na 61 na majalisar jami'o'in Faransa, wanda ke kula da otomatik, ya nemi kujerar malami mai bincike, ya koyar awa 192 a shekara, sauran lokacin nasa ne da labonsa. Ban taɓa ganin laifin wanda ya zaɓi haka ba. Wasunsu ma su ne daga baya suka riƙa karɓar ɗalibanmu.

Ni na dawo dab da shekarar 2000. Da na je Maraɗi gaisuwa, mahaifina ya dube ni ya ce, "To yaro, yanzu da ka zama dakta, in injin niƙan unguwa ya tsaya kai za a kira?"

Na ce, "A'a Baba, ni nawa shi ne in koya masa ya rage gudu da kansa kafin ya lalace."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Allah ya sa albarka. Amma ka nemi fili ka gina. Dakta a gidan haya ba ya cika ido."

Filin da aljihuna ya iya a Bobiel yake. A lokacin bakin gari ne, gonakin hatsi tsakanin katangu, yashi na haɗiye tayar babur, ƴan ga-ruwa na tura kura da jarkoki gida-gida. Sai da aka gina ƙauyen ƴan wasan Farankofoni na 2005 a wannan ɓangare na arewacin birni gine-gine suka yi ta tsirowa, har yau da unguwar ta cika da malamai, ma'aikata da ƴan kasuwa, Zabarmawa da Hausawa da Buzaye da Fulani katanga ɗaya.

Aikin koyarwa ya haɗiye ni gaba ɗaya. A manyan makarantun yankinmu na wancan lokaci, wanda ya karanta otomatik shi ne malamin elektronik, shi ne na injunan lantarki, wani lokaci har da lissafi, domin mu kaɗan ne. Da alli muke zana na'urorin da ɗalibai ba su taɓa gani ba. Lasisin MATLAB ya fi ƙarfinmu, sai muka rungumi Scilab da ake bayarwa kyauta. Ƙarin girma kuwa ta hannun CAMES yake, majalisar da aka kafa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Kakan tara dosiyenka, da abin da ka koyar, da ɗaliban da ka kula da su, da maƙalolin da ka wallafa, kwamitin masana daga ƙasashe dabam-dabam ya zauna a watan Yuli ya duba. Daga asistan ka hau metir-asistan, sai metir-da-konferans, sai cikakken farfesa. Tsarin yana da alheri babba, don waɗanda ke auna ka ba ƴan garinku ba ne, ba su san gidanku ba.

Wahalar tana wajen maƙalolin. Manyan mujallun fannin suna son hujjar lissafi cewa na'urarka ba za ta rikice ba, irin hujjar da ta samo asali daga aikin Lyapunov na 1892, suna kuma son gwaji a kan inji na gaske. Hujjar ana iya yin ta da biro da takarda a tsakar gida bayan isha'i. Injin ne babu. Sai tsarana da dama, daga Yamai har Bamako da Injamena, muka koma kwaikwayo a kwamfuta: hannun mutum-mutumi na masana'anta, jirgin sama, injunan da babu ko ɗaya a ƙasashenmu. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Maƙaloli sun fita, an hau matakai, amma da wuya ka nuna wa maƙwabcinka abin da bincikenka ya canza.

Maƙwabtan nan su ne suka sauya mini alƙibla. A watannin Afrilu da Mayu ruwan famfo a unguwannin bakin gari kan yi rauni, wani lokaci sai tsakar dare yake zuwa. Mai hali ya sa tanki da ƙaramin inji mai tura ruwa. Injin kuwa in ya yi ta juyawa babu ruwa a bututu, ƙonewa yake. Wani dare a fadarmu, ana shan shayi, wani Alhaji da ya ƙona na biyu ya ce, "Farfesa, duk karatun nan naka babu abin da zai gaya wa injin nan cewa ruwa ya ɗauke?" Akwai, kuma shi ne ainihin abin da na yi kundi a kansa: injin da ke jan ruwa da wanda ke jan iska ba kuran ɗaya suke sha ba. In ka auna kuran, ka san halin bututu ba tare da ka sa ma'auni a cikinsa ba. Na ba ɗalibai biyu aikin, suka haɗa, aka ɗaura a gidan Alhaji.

Zamani ma ya taimaka. Allon Arduino da ya fito daga Italiya a 2005, da ƙananan ma'aunai ƴan Cana da ake samu a kasuwar Sabon Gari ta Kano, sun sa abin da a da sai labon Turai yanzu ɗalibi na iya haɗa shi a kan tabarma. Muka shiga famfon rijiyar burtsatse mai aiki da rana. Faifan rana yana da wani matsayi guda da yake ba da iyakar ƙarfinsa, matsayin kuma yana gusawa da gajimare da zafi. Na'urar da ke bin sa takan ɗan taɓa ƙarfin wutar ta duba: in amfani ya ƙaru ta ci gaba, in ya ragu ta juyo. A littafi abu ne mai sauƙi. A Yamai kuwa, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, faifan kan rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri sama da 25, ƙurar hunturu ta rufe fuskarsa, batir ya tsufa da wuri, ma'auni ya fara ƙarya. Sarrafa na'ura da awo marar aminci, cikin yanayin da ba ya tsayawa, da kuɗi kaɗan, yana cikin tambayoyi mafi wuya a fannin baki ɗaya. Da muka fara rubuta su, mujallun makamashi suka karɓa.

Duk da haka waɗanda suka fi nuna wa ƴan ƙasa amfanin fannin daga wajen jami'a suka fito. Abdou Maman Kané, mai kamfanin Tech-Innov, ya ƙirƙiro hanyar da manomi zai kunna ban-ruwan lambunsa ya kashe da wayar salula daga nesa, ya ci kyautar Orange a 2011 da babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Abdoul Aziz Kountché ya haɗa jirage marasa matuƙi a nan Yamai, har hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da nasa a 2016 wajen zana taswirar sansanoni a jihar Difa. Na yi alfahari da su, na kuma riƙa kawo su misali a aji.

A daidai lokacin wasu jiragen na shawagi a samanmu. Daga 2013 Amurka, daga 2014 Faransa, sun girke jirage marasa matuƙi a sansanin da ke gefen filin jirgin Diori Hamani, daga baya Amurka ta buɗe na Agadas a 2019. Shekara goma injuna mafi sarƙaƙiya a fanninmu suna tashi suna sauka ƴan kilomitoci daga azuzuwanmu. Ba makaranta suka zo buɗewa ba, kuma da Faransawa suka fita a ƙarshen 2023, Amurkawa a 2024, sun tafi da iliminsu. Abin da suka bari shi ne tambaya a bakin yara. Kowane sabon aji sai an samu mai cewa, "Mushe, ta yaya yake tsayawa a sama?" Sai in ɗauko ƙaramin mai farfela huɗu in nuna musu: ma'aunin karkata na karantawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, matatar Kalman na haɗa shi da GPS, PID na ƙara wa wannan farfela gudu yana rage wa waccan. Darasin tandar nan ne, sai dai an ninka shi, an kuma sa masa gaggawa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke layin wutar da ke zuwa daga Birnin Kebbi, wanda a lokacin shi ke kawo mafi yawan kuran ɗin Yamai. Tashar rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi, rufin gidajen Bobiel kuma suka cika da faifai. Yau a layinmu kusan kowane gida na da faifansa, batirinsa, ondilar ɗinsa, wani da janareto, kowa na fama shi kaɗai. Wani batirinsa ya cika tun hantsi wutar na tafiya a banza, na kusa da shi firjinsa a kashe. Da za a haɗa gidaje ashirin su zama ƙaramin layi guda mai yanke wa kansa shawara, ya san lokacin ajiya da lokacin rabawa, ya riƙe bugun wutar a 50 a daƙiƙa ko da babban layi ya ɗauke, da an samu tsari mai cin gashin kansa da ya fi kowane jirgi amfani gare mu. Irin wannan tambayar na jira a filayen noman rani na ONAHA, da matatar SORAZ ta Damagaram, da madatsar Kandaji in ta kammala.

Ɗalibai kan biyo ni gida da yamma su tambaya ko su nemi digirin dakta. Nakan ce su nema, su fita in sun samu hanya, amma su tafi da tambayar gida a aljihu, su kuma koyi Ingilishi, don mujallun fannin da shi ake rubuta su, Zariya da Kano kuma suna nan kusa da masu irin aikinmu da irin ƙurarmu. Yanzu akwai jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram tun 2010, da wasu huɗu tun 2014, saboda haka kujeru sun fi na zamaninmu yawa. Daktoci ma sun ƙaru. Wanda har yanzu ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna a labo shekara ashirin, da albashi mai kyau da mutunci, ya riƙe na'urori da rai, ya koya wa yara riƙon dalma. In ɗalibi ya kammala ya tafi, abin da ya haɗa kan mutu a kwali, na bayansa ya faro daga tushe. Na kusa ajiye alli, kuma da za a tambaye ni abin da za a yi da kuɗin kujerata, zan ce a ɗauki teknisiyan biyu da shi.